Yadda ɓeraye suka mamaye tirelata, da abin da na koya

Ga waɗanda ba su samu damar saurare ba, ga shi a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau hirar tamu a kan ɓera ce. E, ɓera dai da kuka sani. Kada ku yi dariya tukuna, domin wannan ɗan ƙaramin abu ya ci mini kuɗi masu yawa, kuma saura ƙiris ya jefa ni da iyalina cikin haɗarin da ban ma san da shi ba.

Bari in fara da bayanin tirelar da nake nufi, don na san in aka ce tirela a gida, abin da zai zo wa mutum a rai shi ne babbar motar dakon siminti. To, ba ita ba ce. A nan Amurka akwai wani ɗaki mai taya da ake maƙala wa mota a baya a ja shi, wato tafi-da-gidanka. A cikinsa akwai gado, da ɗan kicin, da firij, da banɗaki, da murhun gas. Da zafi ya shigo sai iyali su ja abinsu su nufi duwatsu ko bakin tafki, su kwana biyu ko uku su dawo. Mu a nan jihar Kolorado ana cin moriyarta ne daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba. Da sanyi ya kawo kai sai a zubar da ruwan da ke cikin bututunta don kada ya daskare ya fasa su, a kai ta wurin ajiya, a rufe. Nan za ta zauna wata shida ko fiye, ba kowa a ciki.

Ba kowa a ciki, in ji ni. Ashe akwai.

Shekarar da na sayi tawa, ta hannu ce, na ajiye ta a wani fili da ake biyan haya a bayan gari, gefen ciyawa. Na share, na kulle, na tafi, ban sake waiwayarta ba sai ƙarshen Afrilu. Wallahi ina buɗe ƙofa wani zarni ya buge ni. Kashin ɓera ko'ina, baƙi-baƙi kamar ƙwayar shinkafa, a kan gado, a cikin durowa, har cikin tukunya. Sallayar da na bari sun tsattsage ta sun yi sheƙa da zarenta. Ledar dabino da gyaɗar da yara suka manta a ƙarƙashin kujera, ko ɓawo ba su bari ba. Da na kunna fitilu rabi ba su kawo ba, ashe sun gwaguye wayarin. Kuɗin gyaran da na biya, har yau in uwargida ta tuna sai ta harare ni.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni na bar musu abinci, na bar musu kayan shimfiɗa, na bar musu ƙofa. Laifin wa?

Yanzu mu zo kan dalilin da ya sa suke shiga. Da sanyi ya fara, ɓeran daji yana neman abu uku: ɗumi, da abinci, da wurin da ba mai damunsa. Tirelar da aka ajiye ta haɗa duka ukun. Kuma ba ya buƙatar babbar ƙofa. Ramin da bai wuce milimita 6 ba, wato kaurin fensir, ya ishe shi ya kutsa. In kansa ya shige, jikinsa ma zai shige. Sannan haƙoransa na gaba ba sa daina girma, shi ya sa kullum yake cikin gwaguya, ko waya ce, ko roba, ko katako. Ga saurin haihuwa: cikin macen bai wuce sati uku ba, tana haifar biyar ko shida a lokaci guda, 'ya'yan kuma cikin wata biyu sun fara nasu. Ka ga ke nan biyun da suka shiga a Nuwamba, kafin Afrilu sun zama unguwa guda.

Kafin in faɗi yadda ake hana su, ga abin da ya fi muhimmanci a duk hirar nan. Ranar da na tarar da wannan ɓarna, tsintsiya na ɗauko. Na ɗaga ta ke nan sai wani dattijo da tirelarsa ke kusa da tawa ya ɗaga mini hannu, ya ce in ajiye, in fito waje. Shi ya fara gaya mini labarin cutar hantabairos.

Sunan bai da alaƙa da hanta tamu ta cikin ciki, daga sunan kogin Hantan na ƙasar Koriya aka samo shi. Irin wadda ke nan yammacin Amurka huhu take kamawa. Wani ɓeran daji mai farin ciki da fararen ƙafafu ne ke ɗauke da ita a fitsarinsa da kashinsa da yawunsa. In suka bushe ka zo ka yi shara, ƙurar ta tashi ka shaƙa, shi ke nan ta samu hanya. An gano ta a nan ne a 1993, a yankin da jihohi huɗu suka haɗa iyaka, wato Kolorado da Yuta da Arizona da Niyu Meziko. A 2012 mutum 10 da suka ziyarci gandun dajin Yosemite a Kalifoniya sun kamu, 3 suka rasu, kuma da aka bincika sai aka tarar ɓeraye sun yi sheƙa a tsakanin bangon ɗakunan kwanan baƙi. A watan Fabrairun 2025 ita ce ta yi ajalin Betsy Arakawa, matar fitaccen ɗan fim Gene Hackman, a garin Santa Fe.

Ba wai ina tsorata ku ba ne. Cutar ba ta da yawa, daga 1993 zuwa 2022 waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk Amurka ba su kai 900 ba. Amma in ta kai ga huhu, fiye da mutum ɗaya cikin uku ba sa tashi. Tana farawa da zazzaɓi da ciwon jiki da kasala, daga sati 1 zuwa sati 8 bayan an shaƙa, daga baya sai tari da sarƙewar numfashi. Duk wanda ya ji haka bayan ya yi aiki a wurin da ɓeraye suka zauna, ya garzaya asibiti, kuma ya buɗe baki ya gaya wa likita cewa ya taɓa kashin ɓera.

Mu 'yan Najeriya wannan ba baƙon zance ba ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, shi ma ta fitsari da kashin ɓera yake zuwa. Cutar daban, ɓeran daban, amma hattarar iri ɗaya ce. Don haka ko ba ka da tirela, in kana da sito ko shagon da ya daɗe a rufe, wannan ɓangaren naka ne.

Ga yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a yi. Da farko ka buɗe ƙofa da tagogi, ka fita, ka bar iska ta ratsa na minti 30. Ka sa safar hannu ta roba. Ni har da takunkumi nake sawa. Ka haɗa ruwan bilic, irin wanda muke wanke farin kaya da shi, kashi 1 a cikin ruwa kashi 9. Ka fesa a kan kashin da sheƙar har su jiƙe sharkaf, ka bar su minti 5. Sannan ka kwashe da takardar goge-goge, ka ƙulle a leda, ka jefa a shara mai murfi. Ka goge ƙasa da kanta da durowa da wannan ruwan. Zannuwan gado da barguna a wanke da ruwan zafi da sabulu. Ba tsintsiya, ba injin zuƙe ƙura. In sake faɗa: ba tsintsiya.

Yauwa. To yaya za a yi kada su shiga tun farko?

Abu na farko, ka kwashe komai. Ba shinkafa da biskit kaɗai ba. Yaji, ganyen shayi, sukari, man girki, man goge baki, sabulu, duk ka fita da su. Ka ɗaga kujeru da katifa ka duba abin da yara suka zubar. Ka wanke murhu, maiƙon da ya kama a jikinsa ma abinci ne. Sannan ka kwashe duk abin da za su yi sheƙa da shi: tishu, tawul, bargo, filo, jarida, sallaya. Abin da ba za ka iya ɗauka ba ka zuba shi a akwatin roba mai kauri mai murfi. Kwali kuwa gayyata ce.

Abu na biyu, kuma shi ne babban aikin: toshe ramuka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dabarar da dattijon nan ya koya mini ita ce, da daddare ka kunna fitila mai haske a ciki, ka buɗe duk durowa da ƙofofin kabet, sannan ka kwanta a ƙarƙashin tirelar da bayanka. Duk inda ka ga haske yana leƙowa, ƙofar ɓera ce. Ni na ƙirga guda tara. Mafi yawansu a inda bututun ruwa da na gas da wayoyi suka ratsa daɓe suke, don a masana'anta ramin da ake hudawa ya kan fi bututun faɗi. Ka duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da bayan banɗaki, da ɗan murfin da ake zaro wayar lantarki ta cikinsa, da robar gefen ƙofofi in ta tsufa, da shimfiɗar da ta rufe cikin tirelar daga ƙasa in ta yage.

Da me za ka toshe? Kumfar nan da ake fesawa ta kumbura, ita kaɗai ba ta isa ba, gwaguye ta suke yi. Sai ka fara cusa soson ƙarfe, ko ragar tagulla wadda ta fi shi don ba ta tsatsa, ka danna sosai, sannan ka bi da silikon ko kumfar a kai. Babban rami kuma ka rufe da ragar waya mai ƙananan idanu ko ɗan falle na ƙarfe, ka ɗaure da kusa mai murɗi. Amma hattara biyu: kada soson ƙarfe ya taɓa wayar lantarki da ta kware, kuma kada ka toshe mafitar hayaƙi ta hita ko ta firij ko ta tukunyar ruwan zafi. In ka toshe su, gubar hayaƙin gas cikin ɗaki za ta dawo, ita kuma ba ta da wari, kisa kawai take yi.

Waɗannan mafitar su ne kuma ƙofar sauran ƙwari. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a ciki, rina ma haka, gizo-gizo kuma yana saƙa a cikin bututun da gas ke bi zuwa wurin kunna wuta. Ƙaramar saƙa ta isa ta hana wutar ci daidai. Maganinsu raga ce ta musamman da ake sayarwa daidai bakin kowace mafita, tana barin iska ta wuce ta tare ƙwaro. Tururuwa da kiyashi kuwa zaƙi ke kawo su, in ka goge ko'ina tas ba su da abin nema. Firij ka kashe shi, ka wanke, ka bar ƙofarsa a ɗan buɗe don kada ya yi fumfuna. Ka rufe tukunyar gas, ka cire batir.

Abu na uku, wurin ajiya. Kan siminti ko tsakuwa ya fi kan ciyawa nesa ba kusa ba, domin ɓera ba ya son ratsa fili fetal inda mujiya za ta gan shi. Ka nisanci tarin itace da juji da reshen bishiya. Ka tuna duk abin da ya taɓa ƙasa tsani ne: taya, jak, sarƙa, waya. Sarƙa da waya ka naɗe su sama.

Na san wani zai ce, to ina batun man na'a-na'a da sabulu mai ƙamshi da takardun ƙamshin nan na injin busar da kaya? Na gwada, ɗan'uwa. Ƙamshin yana gushewa cikin 'yan kwanaki, kuma da idona na ga sabulun da aka ce yana korarsu da shatin haƙoransu a jiki. Kafur kuma ba don ɓera aka yi shi ba, tururinsa yana cutar da mutum a rufaffen ɗaki, ga warin da ke kama katifa ya ƙi fita. Guba ma ban ba da shawara ba. Ɓeran zai ci ya je ya mutu a cikin bango inda hannunka ba ya kaiwa, ka kwana da ɗoyi duk bazara. In kuma ya fita waje ya mutu, kyanwa ko mujiya ta ci, ita ma ta tafi.

Tarkon nan na gargajiya mai ƙarfe shi ne gaskiya. Ka laƙaba masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa kaɗan, ka jera a jikin bango, bakin tarkon yana kallon bangon, don ɓera gefe-gefe yake bi. Ka guji tarkon gam, ɓeran da ya maƙale da rai fitsari yake ta saki don tsoro, shi ne kuma abin da muke gudu. Kuma ka ɗauki tarko a matsayin mai kawo maka rahoto. In ya kama, akwai ramin da ka tsallake, sai ka koma ƙarƙashi da tocila.

Na ƙarshe, kada ka yi irin tawa, ka rufe ka manta. Duk sati biyu ko uku ka leƙa, minti goma ya isa. Tun da na toshe ramukan nan tara, sanyi uku ke nan, ɓera ɗaya tak na kama, shi ma na gano ta inda ya bi, robar ƙofar ma'ajiyar kaya ce ta saki.

Wanda yake da tsohuwar mota a ajiye, ko sito, ko gidan da ya rufe ya yi tafiya, ya gwada wannan tsarin, kuma ya tura wa wanda zai amfana. Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.