Idan rezo ya ɗauke: yadda wasiƙa ke bin iska tasha-tasha

Masu harka tsakanin Maradi da Jibiya ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da hukumomin Najeriya suka katse layukan salula a jihar Zamfara da wani yanki na Katsina saboda ƴan bindiga. Mai kaya bai san inda kayansa suka kwana ba, uwa ba ta jin muryar ɗanta. To, idan rezo ya ɗauke, rubutaccen saƙo yana da wata hanya? Yana da ita, kuma ta girmi salular da ke hannunku.

Masu wannan hanya mutane ne da ke ajiye rediyon oba-oba a gida da izinin hukuma, suna zantawa da juna don sha'awa, ba don kuɗi ba. Kowa da lambarsa ta kira: ta ƴan Nijar tana farawa da 5U, ta ƴan Najeriya da 5N. A 1978 irinsu a ƙasar Kanada suka soma haɗa rediyon da kwamfuta, suna bin dabarar da jami'ar Hawai ta Amurka ta gwada a 1971. Turawa na kiranta fakit rediyo, wato rediyo mai aika saƙo ƙunshi-ƙunshi.

Ga yadda abin yake. Mu ƙaddara wata baiwar Allah a Kona za ta aika wa ɗiyarta wake a Maradi, amma direba ba ya karɓar buhu, sai ƙananan ƙulli. Sai ta rarraba, ta rubuta sunanta da na ɗiyar a jikin kowane ƙulli, ta sa masa lamba. Haka wani ɗan akwati da ake kira TNC, mai zama tsakanin kwamfuta da rediyo, yake yi wa wasiƙa. Yana yayyanka ta ƙunshi-ƙunshi, kowanne yawanci bai wuce haruffa 256 ba, ya maƙala masa lambar mai aikawa da ta mai karɓa, ya mayar da shi wata ƙara mai kama da kukan gyare, rediyo ya watsa.

A ƙarshen kowane ƙunshi akwai ɗan lissafi, tamkar a rubuta "tiya biyu" a jikin ƙulli. Tashar da ta karɓa sai ta sake awo. In ya cika, ta amsa da cewa ya iso. In tsawa ko wata ƙara ta ci harafi ko da guda ne, sai ta jefar da ƙunshin, mai aikawa ya sake turo wannan kaɗai. Kuma da yake tashoshi da yawa ke kan mita ɗaya, kowace sai ta saurara tukuna, in ta ji shiru sannan ta yi magana.

Saura nisa. Zangon da aka fi amfani da shi ba ya wuce inda eriya ke hango ƴar uwarta. Saboda haka sai a bi tasha-tasha: ta Kona ta miƙa wa ta Tasawa, ita kuma ta Gazawa, sai Agye, har Maradi. Ƙa'idar da suke bi, mai suna AX.25, ta yarda a jera masu miƙawa har takwas. In kuwa mai wasiƙa ya kashe na'urarsa, akwai tashoshi masu ajiya, kamar ɗan kamasho da ke riƙe saƙo a rumfarsa sai mai shi ya zo.

Gaskiya hanyar ba ta da sauri, don abin da take ɗauka a daƙiƙa bai wuce haruffa 150 ba. Amma batir da farantin sola sun ishe ta, ba ta jiran kamfani. A 2017, da guguwar Mariya ta rusa layukan waya a tsibirin Fwato Riko, masu wannan sha'awa 22 suka je daga Amurka, suka riƙa fitar da saƙonnin agaji ta rediyo.

Sai dai a yi hattara. Doka ta hana ciniki a kan waɗannan mitoci, ta kuma hana ɓoye ma'anar saƙo. Duk mai na'ura yana iya karanta abin da ya gifta, kuma kunna ta ba izini laifi ne. Ba wurin yanke farashin albasa ba ne. Wurin a ce "ruwa ya ci gari" ne, ko "mai naƙuda na neman mota".

Abin da ke riƙe da hanyar kuwa kun riga kun san shi, wato amana. Kowace tasha tana ƙona batirinta don miƙa wasiƙar wanda ba ta taɓa gani ba, kuma tasha ɗaya in ta yi barci, saƙon kowa ya tsaya. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.