Iskar da Ake Biya Kuɗinta Amma Ba Ta Isa Ɗaki

A yawancin gidajen Amurka da Kanada ba a kafa wa kowane ɗaki nasa injin sanyi. Inji ɗaya ne ke yi wa gida duka aiki, ya ɗumama iska da hunturu, ya sanyaya ta da bazara, sannan wata babbar fanka ta tura ta cikin bututai zuwa ɗakuna. Bututan iri biyu ne. Akwai masu kai iska, waɗanda ke ɓullowa ta 'yan tagogi masu raga a silin ko a daɓe, akwai kuma masu maido ta, waɗanda ke zuƙo iskar ɗakuna su mayar wa injin don ya sake sarrafa ta. Wasu na ƙarfe ne, wasu na allon zaren gilashi, wasu kuma na leda mai lanƙwasuwa da aka naɗe a kan waya. Binciken hukumar ƙididdigar makamashi ta Amurka na 2020 ya nuna cewa kusan gidaje 9 cikin 10 a ƙasar suna da na'urar sanyaya iska, kuma wajen kashi biyu cikin uku na gidajen suna amfani ne da irin wannan inji na gida duka. Ɗumamawa da sanyayawa kuwa su ke cinye kusan rabin makamashin da gida ke amfani da shi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa a gida na yau da kullum, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da ke bi ta bututan nan tana zurarewa ta huji da tsaga da mahaɗar da ba ta zauna daidai ba. An riga an ƙona gas ko an kashe lantarki a kanta, an biya, amma ba ta kai ga mai biyan ba. Duk da haka, idan ɗakin sama ya ƙi yin sanyi, abin da ke fara zuwa wa mai gida a rai shi ne injin ya yi ƙanƙanta ko ya tsufa, mai sayar da inji kuma ba zai yi masa gardama ba. Halin ya yi kama da na manomin rani da tiyonsa ya huje a wurare goma, ruwa ba ya kaiwa ƙarshen fadama, sai ya tafi kasuwa neman injin ban ruwa mafi girma. A ganina jerin aikin a juye yake. Ya kamata a fara auna bututu, a liƙe shi, sannan a duba ko injin yana da laifi, domin sau da yawa ba shi da shi.

Yoyon ba kasafai yake zama a tsakiyar bututu ba, galibi a mahaɗa yake. Wanda ya hau sararin da ke tsakanin silin da rufi da tocila a hannu zai gan shi da idonsa: wurin da ƙaramin reshe ya fita daga babban bututu an yanke ƙarfen da almakashi an lanƙwasa kunnuwansa, an bar 'yan kafofi kewaye, kwalin ƙarfen da ke haɗa bututu da tagar silin ya bar giɓi mai faɗin yatsa tsakaninsa da allo, ledar bututu ta zame daga wuyanta saboda wani ya taka ta shekarun baya. Akwai alama da ba ta ƙarya. Audugar gilashi da aka rufe bututu da ita takan yi baƙi daidai inda iska ke ratsawa, domin ta daɗe tana tace ƙura a wurin. Mafi muni su ne kafofin da ke jikin akwatin injin kansa da bakin wurin sa matata, saboda a nan ƙarfin turi da zuƙa ya fi yawa. A tsofaffin gidaje da dama ma ba a sa bututun maido iska ko kaɗan ba, sai dai a rufe sararin da ke tsakanin katakan bango ko na daɓe da falle ɗaya na ƙarfe a ce ya zama hanya. Katako kuwa yana bushewa ya tsuke, kuma ma'aikacin lantarki ya huda shi don wuce da waya.

Ana iya cewa ai iskar ba ta je ko'ina ba, cikin gidan ta tsaya. Wannan magana tana da gaskiya a wuri ɗaya: idan bututan duka suna cikin sashen da ake sanyayawa, asarar kuɗi ba ta da yawa, ko da yake ɗakin da ke can ƙurya zai ci gaba da shan zafi. Amma a kudanci da yammacin Amurka, a jihohi irin su Fulorida da Teksas da Kalifoniya, an saba bi da bututu ta ƙarƙashin rufi, ko ta ramin da ke ƙarƙashin daɓe, ko ta gareji, kuma duk waɗannan waje ne a wajen lissafin zafi. Asarar kuma riɓi biyu ce. Idan bututun kai iska ya zubar da ita a ƙarƙashin rufi, fanka tana ci gaba da zuƙe iska daga ɗakuna fiye da wadda take mayar musu, saboda haka dole iskar waje ta kutso ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga don cike giɓin, da zafinta da danshinta. Masu bincike a cibiyar makamashin rana ta Fulorida sun auna wannan a gidaje tun ƙarshen shekarun 1980, suka ga shigowar iskar waje takan ninka da zarar fanka ta tashi. Yoyon ɓangaren maidowa ya fi wannan ɓarna. Ƙarƙashin rufi da tsakar rana yakan kai maki 55 a ma'aunin Salsiyos, har ya wuce. A ɗauka iskar ɗaki maki 24 ce, kuma kashi 10 cikin 100 na abin da injin ke zuƙa daga ƙarƙashin rufin yake fitowa. Gaurayen zai isa injin yana maki 27. Injin kuwa abin da yake iya ragewa a zagaye ɗaya bai wuce maki 10 zuwa 11 ba. Ke nan fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ya tafi wajen kashe zafin da shi da kansa ya jawo.

Batun lafiya ya fi na kuɗi tayar mini da hankali. Bututun da ke zuƙa daga ramin ƙarƙashin gida yana kwaso danshi da warin ruɓa da kashin ɓera ya rarraba su ɗakunan kwana. Wanda ya bi ta gareji yana iya kwaso hayaƙin mota da tururin fetur da fenti. Sannan idan yoyo ya rage matsin iska a ɗakin da tukunyar dafa ruwa mai gas take, hayaƙinta yana iya fasa hawa ta bututun hayaƙi ya dawo cikin gida, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa. Iyalin da ke fama da ciwon kai ko asma a irin wannan gida ba kasafai suke zargin abin da ke bisa silinsu ba.

Mai gida da ya gane matsalar yakan miƙa hannu ga abin da ya fi kusa, wato salatif ɗin nan na yadi mai launin azurfa da ake sayarwa da sunan salatif ɗin bututu. An fara yin sa ne lokacin yaƙin duniya na biyu don liƙe akwatunan harsashi, bayan yaƙi magina suka kama naɗe bututu da shi. A 1998 Max Sherman da Iain Walker na ɗakin bincike na ƙasa na Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya suka gwada kayan liƙi iri-iri a mahaɗun bututu, suna tura musu iska mai zafi da mai sanyi bi da bi don gaggauta tsufansu. Sauran kayan sun riƙe. Salatif ɗin yadi mai dankon roba ne ya riƙa sakewa, sau da yawa cikin 'yan kwanaki, domin zafi yana busar da dankon, yadin ya tsuke ya ɓare. Daga baya dokar gini ta Kalifoniya ta hana dogaro da shi shi kaɗai. Abin takaici shi ne har yau ana ganinsa yana lilo a jikin bututai, kuma wanda ya naɗa shi ya sauko da yaƙinin ya gama aiki.

Abin da ke riƙewa shi ne mastik, wani kwaɓi mai kauri da ake shafawa da buroshi ko da hannu sanye da safa, wanda ke bushewa ba tare da ya ƙage ba, ya riƙa miƙewa da tsukewa tare da ƙarfe. Aikin yana da tsari. A fara ɗaure mahaɗar da kusoshi masu zare ko maɗaurin roba mai ƙarfi, domin mastik liƙi ne, ba ɗauri ba. A goge ƙura da maiƙo. Idan giɓin ya kai faɗin rabin santimita, a shimfiɗa ragar zaren gilashi tukuna, sannan a shafa da kauri, kimanin milimita 2, har kafar ta ɓace gaba ɗaya. A jikin ƙofofin injin da za a riƙa buɗewa, salatif ɗin alminiyam mai tambarin UL 181 ya fi dacewa. Bayan liƙi ne ake mayar da rufin auduga, domin auduga tana tare zafi ne kawai, ba ta tare iska. Inda hannu ba ya kaiwa, kamar cikin bango, akwai dabarar da Mark Modera ya ƙirƙiro a wannan ɗakin bincike na Berkeley a shekarun 1990, wadda ake sayarwa da sunan Aeroseal. Ana toshe tagogin iska duka, a hura feshin danko cikin bututu. Tun da iskar ba ta da mafita sai ta kafofin, ƙwayoyin dankon suna taruwa a bakinsu har su rufe. Tana iya cike giɓi mai faɗin santimita ɗaya da rabi, amma ba ta haɗa bututun da ya cire.

Me ya sa abu mai sauƙi haka ya daɗe ba a yi shi ba? Saboda ba a ganin sa. Mai saye yana duba dakalin girki da fenti, ba ya hawa ƙarƙashin rufi, ɗan kwangilar da ya ɓata rabin yini yana shafa mastik cikin zafi kuma ba shi da abin nunawa. Maganin wannan shi ne awo. Ana liƙe tagogin iska, a maƙala wata fanka mai ma'auni a jikin bututu, a hura har matsin ya kai faskal 25. Duk iskar da fankar ke ci gaba da turawa don riƙe wannan matsi, ita ce ke tsiyayewa. Kalifoniya ta wajabta gwajin a 2005 ga gidaje da dama idan za a sauya inji, dokar tanadin makamashi da jihohi da yawa ke kwaikwaya ta shigar da shi a 2009, ta kuma tsananta iyakar yoyon a 2012. Ina ganin wannan ne gyara mafi muhimmanci a tarihin al'amarin, domin ya mayar da aikin da ake karɓa bisa amana ya zama lamba biyu a takarda, ta kafin aiki da ta bayansa. Duk wanda zai biya kuɗin liƙi ya nemi lambobin nan.

Akwai ƙorafi mai nauyi da masu sana'ar kansu ke yi, kuma bai kamata a share shi ba. A gidan da aka sa bututu ƙanana tun farko, yoyo ne ke ba fanka numfashi. Idan aka toshe kafofin duka, matsi ya hau, iskar da ke ratsa injin ta ragu, har sanyi ya daskarar da bututun gas ɗinsa ko injin ɗumi ya yi zafi fiye da kima. Haka nan liƙe ɓangare ɗaya a bar ɗaya yana iya ƙara karkatar da ma'aunin iska a gida, ya jawo dawowar hayaƙin da aka ambata. Wannan gaskiya ne, amma abin da yake nunawa shi ne a auna matsin injin kafin aiki da bayansa, a faɗaɗa hanyar maido iska idan ta yi ƙunci, a gwada fitar hayaƙin duk na'urar da ke ƙona gas, a kuma rataya na'urar gargaɗin kabon monoksayid. Barin huji don ya rufa wa ƙaramin bututu asiri biyan kuɗin kuskure ne kowane wata. A gidajen da aka gina kafin shekarun 1980 akwai ƙarin hattara: farin naɗi mai kama da takarda a mahaɗun bututu yana iya zama asbesto, kuma ƙurarsa tana jawo ciwon daji, don haka ba a taɓa shi sai an gwada.

Wasu kuma cewa suke a rabu da bututu baki ɗaya, a koma ga na'urar bango mai rabi a ciki rabi a waje, irin wadda ta cika Japan da Turai, wadda kuma ita muka fi sani a Kano da Maraɗi. Ga sabon gini ko ƙaramin gida shawara ce mai kyau, tun da babu bututun iska balle ya yi yoyo. Sai dai gidajen da aka riga aka gina da bututu miliyoyi ne, kuma ba za a farfasa su ba. Guga ɗaya na mastik da yini ɗaya ko biyu na aiki sun fi sauya tsarin gida duka araha nesa ba kusa ba. Masu sauya injin gas da injin lantarki mai ɗumamawa da sanyayawa sun fi kowa buƙatar liƙin, domin iskarsa ba ta kai ta gas zafi ba, yana kuma daɗewa yana aiki, don haka kowane huji yana samun ƙarin lokacin zubarwa. A namu ƙasashen ma, manyan otal-otal da bankuna da asibitoci masu injin sanyi na gini duka suna da bututan nan a bisa silinsu, kuma inda janareta ke ɗauke da nauyin, iskar da ke tsiyayewa can sama da man dizal ake biyan ta.