Amsa kira ba ya kwashe kuɗi, faɗin lamba ke kwashewa

Wani saƙon murya yakan zagaya wayoyin Damagaram lokaci zuwa lokaci, daga Birni zuwa Zango har rumfunan Kasuwar Dole: wai akwai lambar da in ta kira ka ka amsa, kuɗin asusunka sun tafi. Wannan ƙarya ce. Ɗaga waya kaɗai ba ya buɗe asusun Sonibank ko BIA, ba ya taɓa Airtel Money. Jita-jitar ma tsohuwa ce da ta sake riga. A 2011 an ta da hankalin Najeriya da lambar 09141, wai mai amsa ta mutuwa zai yi, sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ƙaryata.

Haka zancen cewa in ɓarawo ya tsare ka a injin cire kuɗi ka buga lambar sirrinka a juye, 'yan sanda za su zo. Babu injin da ke haka a Damagaram. Sau uku ka yi kuskure, katin ne zai toshe.

Abin da yake gaskiya ya fi wannan sauƙi, shi ya sa ya fi cin mutane. Saƙo ya shigo, kamar na kamfani, yana cewa an turo jaka hamsin. Can sai kira: "Baba, don Allah ku yi haƙuri, kuskure na yi, kuɗin maganin mahaifiyata ne, ku maido mini." Dattijo mai tsoron cin haƙƙin wani ba ya tsayawa duba asusu, sai ya aika daga nasa. Ba ko dala da ta shigo, saƙon da hannu aka rubuta shi daga wata lamba. Wani kuma ya ce shi ma'aikacin banki ne, za a rufe asusu yau in ba a faɗi lambar sirri ba. Banki ba ya tambayar ta, ko ta waya ko a gishe.

Sace WhatsApp ma gaskiya ne. Lambobi 6 ne ke shigowa ta saƙo, wanda ya karanta wa baƙo su ya ba da asusunsa. Daga nan ɓarawon zai bi dangi da sunan ɗan da ke bida a Libiya ko Aljeriya, ya ce an kama shi, a tura kuɗi ta Nita ko Al Izza kafin dare. A Kance da Matamaye, inda gidaje da yawa ke jiran aiken 'yan bida, wannan ƙarya tana da kasuwa.

Laifin jikoki ma yana nan, ko da ba a son faɗa. Su ke buɗe wa tsofaffi asusu, su sa shekarar haihuwa a matsayin lambar sirri, ko su rubuta ta a bayan waya. Ya fi kyau a yi yarjejeniya a gida: Inna ba ta tura ko sisi sai ta kashe wayar ta kira mutum ɗaya da ta sani a tsohuwar lambarsa.

In an riga an cuci mutum, kada kunya ta sa a yi shiru. A garzaya ofishin kamfani ko banki a toshe asusun, a ajiye saƙonnin da lambar da ta kira, a kai ƙara kwamisariya. Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci kan zamba ta hanyar na'ura.