Gammon Rumbun Iska: Ƙarin Ƙarfin Inji Ko Ɓarnar Kuɗi?

Duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya ratsa Bungudu, wanda ya taso daga Gusau ya nufi Maru da Talata Mafara har Sakkwato, zai ga motoci iri iri suna wucewa, yawancinsu kuwa an shigo da su ne daga Turai ko Amurka bayan sun yi aiki a can. Tare da motocin nan wata al'ada ta shigo, watau ƙara wa inji wani abu wanda kamfanin da ya ƙera shi bai sa masa ba, wai don ya ƙara ƙarfi. Samari suna ganin abin a wayoyinsu, su nufi gareji su ce a yi musu. Malamin makaranta ko akawun ofis da ya daɗe yana tari kafin ya sayi mota, shi ma ana iya kawo masa wannan shawara. Saboda haka muka ga ya kyautu mu ɗauki guda daga cikin ƙare-ƙaren nan mu bayyana shi filla-filla, don mai mota ya san abin da zai sa kuɗinsa a kai, malami kuma ya sami abin koya wa yara.

Yadda Inji Ke Numfashi

Injin fetur wuta ce a rufe cikin ƙarfe, wuta kuwa ba ta ci sai da iska. Maƙeri ya san wannan, shi ya sa ba ya rabuwa da zugazugi. Tun 1876 wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya ƙera injin da ke aiki da bugu huɗu, kuma a kan tsarinsa motocin fetur ke tafiya har yau. Fistan ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, filogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tunkuɗa fistan ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne yawan iskar da ake bukata. Kowane kilo 1 na fetur yana son iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. In aka juya lissafin zuwa lita, lita 1 ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Ƙara wa inji mai abu ne mai sauƙi, wahalar tana wajen samar masa isasshiyar iska. Don haka duk dabarun ƙara ƙarfin inji, in ka bi su, za ka tarar hanyar iska suke gyarawa.

Ga hanyar iskar. Tana shiga ta matata, wadda makanikai ke kira filta, a tace ƙura. Ta wuce wani ɗan ma'auni da ke gaya wa kwamfutar mota yawan iskar da ta shiga, don ta san man da za ta zuba. Ta bi ta wata ƙofa da ke buɗewa sa'ad da direba ya taka totur. Daga nan sai ta taru a wani akwati da ke kan inji, kowace silinda ta ɗebi rabonta ta bututunta. Wannan akwati shi muka kira rumbun iska.

Asalin Gammon

A 2002 kamfanin Nissan na ƙasar Japan ya fito da wata motar gudu mai kujera biyu, sunanta 350Z. Injinta, VQ35DE, silinda 6 gare shi, girmansa lita 3.5, ƙarfinsa a farkon fitowa na doki 287. Irin injin nan aka sa wa Infiniti G35 da Infiniti FX35. Motar gudun ba a cika ganinta a wajenmu ba, don cikinta kusa yake da ƙasa, hanyoyinmu kuwa ba su yi mata ba. Amma FX35 ta shigo Nijeriya cikin motocin da ake kawowa daga Amurka.

Rumbun iskar injin nan rabi biyu ne, na sama da na ƙasa, kamar ƙwarya da murfinta. A 350Z akwai wani ƙarfe da ya gitta kan inji don ya riƙe jikin mota, ga kuma bonet ya sunkuya ta gaba. Sai masu ƙira suka karkatar da murfin rumbun, gabansa ya yi ƙasa. Silindar da ke gaba ta zama tana shaƙar iska ta wuri matsattse. Wasu ƙananan kamfanoni a Amurka, irin su Motordyne, suka lura da haka, suka yanka faifan alminiyam daidai da bakin rumbun, a sa shi tsakanin rabin sama da na ƙasa don ya ɗaga murfin. A kasuwar kayan mota sunansa sifesa, mu kuwa za mu kira shi gammo, tun da yake tsakanin kai da kaya yake zama. Kaurin wanda aka fi sani kashi 5 cikin 16 na inci ne, watau wajen milimita 8. Akwai kuma mai rabin inci.

To, a lura da wannan. Gammon maganin wata matsala ce ta inji guda. A 2007 Nissan ta sauya wa 350Z inji, ta sa VQ35HR mai ƙofofin iska biyu da rumbu na wani fasali, gammon nan bai shiga cikinsa ba. Wanda ya ce zai sa wa kowace irin mota gammo ta ƙara ƙarfi, kamar mai ba lafiyayye maganin da aka rubuta wa wani ne.

Yadda Ake Sa Shi

A bari inji ya huce sarai, a cire wayar batir. A kwance ƙarfen da ya gitta kan inji in akwai shi, da murfin roba, da babban bututun iska. Kowane ƙaramin tiyo da aka zare a yi masa alama, don a san inda zai koma. A kwance kusoshin murfin rumbun, a jera su a faranti yadda suke, gama tsawonsu ba ɗaya ba ne.

Da zarar an ɗaga murfin, bakunan bututun silinda suna buɗe. Nan take a toshe su da tsumma mai tsabta. Noti ɗaya ko tsakuwa ɗaya in ta faɗa ciki ba a gani ba, aka ta da inji, ta isa ta lanƙwasa bawul ta farfasa kan fistan. A goge bakin rumbun, a shimfiɗa gaskit, a ɗora gammon, a sa ƙananan zobban da ke tare da shi a kan ginshiƙan tsakiya. A cire tsummokaran a ƙirga su, sa'an nan a mai da murfi da dogayen kusoshin da suka zo da gammon.

Wajen ɗauri ne ake gane gwani. Alminiyam ƙarfe ne mai taushi. In aka matse kusa da ƙarfin damtse, zarenta ya lalace ko murfin ya tsage. Ana ɗaurewa ne da sifana mai ma'auni, kaɗan kaɗan, a zagaya sau biyu ko uku bisa jerin da takardar kamfani ta nuna, har kowace kusa ta kai adadin da aka rubuta. Kada a tura ƙofar totur da yatsa, don lantarki ke sarrafa ta. Daga ƙarshe a rufe bonet a hankali a tabbata murfin da ya ƙara tsawo bai taɓa shi ba, a ta da inji a kasa kunne ko za a ji feɗuwa.

Riba Da Hasara

Masu ƙera gammon suna cewa yana ƙara ƙarfin doki kamar 10, ko sama da haka kaɗan. In mun yarda da maganarsu, 10 cikin 287 bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Yawancin wannan ƙarin kuwa sai inji yana juyi da sauri ƙwarai yake bayyana. Mai tafiya daga Bungudu zuwa ofis a Gusau, ko daga Gusau zuwa Tsafe, da wuya ya kai injinsa wannan matsayi.

Mu gwada da abin da ƙasarmu ke yi wa inji. Iska in ta yi zafi sai ta buɗe, nauyinta ya ragu. Lita 1 ta iska a zafin digiri 40, irin na watan Afrilu a nan, ta gaza ta digiri 15 nauyi da wajen kashi 8 cikin 100. Watau abin da bazara ke ƙwacewa ya fi abin da gammo ke bayarwa. Wanda ya fita da asuba cikin sanyi ya sami ƙarin ƙarfin da ya fi na gammo, bai biya ko kwabo ba.

Babban haɗarin kuwa ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ya baza mana. Ƙurar nan garin dutse ce, tana cin ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Sa gammo ya ƙara wa rumbu gaɓa, gaɓar nan kuma tana bayan matata ne da ma'auni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ɗaurin bai yi daidai ba, iska za ta kurɗa ba a tace ta ba, ba a kuma auna ta ba. Kwamfuta ta zuba mai ƙasa da bukata, inji ya riƙa rawa in yana tsaye, fitilar gargaɗi ta kama. A hankali ƙurar ta cinye zobban fistan da bangon silinda, inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Gyaran inji mai silinda 6 kuwa ba kuɗin wata ɗaya ba ne ga ma'aikaci, balle tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, ɗawainiyar mota ta yi nauyi. Garin neman gira kada a rasa ido.

Shawararmu ga mai irin injin nan ita ce ya fara da abin da ya fi sauƙi. Ya duba matata a kai a kai lokacin hunturu, ya sauya ta in ta toshe. Ya duba bututun roba ko zafi ya tsattsaga shi. Ya sauya filogi da baƙin mai a kan kari. In bayan wannan yana son gammo, ya nemi wanda aka yanka domin injinsa, ya tambayi makaniki ya nuna masa sifana mai ma'auni kafin a taɓa kusa ko ɗaya. In babu ita, ya ɗauki motarsa ya tafi.

Ga Malaman Makaranta

Sa'ad da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, makaniki mai kunne yana iya daidaita kafireta da sukuddireba kawai. Motar yau ma'auni da lissafi take bukata, kuma daga azuzuwanmu makanikan gobe za su fito. Wannan magana ta gammo darasi ce a shirye. A kifa wa kyandir gilashi yara su ga wuta ta mutu don rashin iska. A ba su sirinji marar allura su ja, su toshe bakin su sake ja, su ji yadda fistan ke wahala in hanya ta ƙuntata. A huda tsinken shan lemo a gefe, su gwada zuƙa, su gane aikin ɗan rami a rumbun iska. A darasin lissafi a tambaye su: inji mai lita 3.5 yana juyi 6,000 a minti, yana cika silindarsa sau ɗaya a kowane juyi biyu, lita nawa ta iska yake nema a minti? Amsa 10,500. Yaron da ya fitar da wannan da kansa, gobe in aka ce masa wani faifai zai mai da motarsa jirgi, zai tambaya kashi nawa cikin 100, wa ya auna, da me kuma aka auna.

Allah ya kiyaye mu a kan hanya, ya sa albarka a abin da muka mallaka, amin.