Abin da Sabon Ɗalibi Zai Taras a Fannin Kimiyyar Kwamfuta

Ɗalibai da yawa sukan shiga fannin kimiyyar kwamfuta da tunanin za a koya musu buga takarda ne, ko gyaran na'ura idan ta lalace. Kafin zangon farko ya ƙare sai su ga abin ba haka yake ba. Ainihin abin da ake koyarwa shi ne yadda mutum zai ɗauki matsala, ya rarraba ta zuwa ƙananan matakai, ya jera su filla-filla yadda na'urar da ba ta da hankali za ta iya bi. Wanda bai san da haka ba tun farko yakan karaya, har ya yi zaton ba shi da basirar wannan karatu.

A Nijar da sauran ƙasashen da ake karatu da Faransanci, digirin farko, wato lisans, shekara 3 ne, zango 6. A Nijeriya kuwa yawanci shekara 4 ne. Amma a ko'ina, lissafi ne ke cin kaso mai yawa na shekarar farko. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ma, lissafi da kwamfuta sashe ɗaya suke. Dalili shi ne kwamfuta ba ta san komai ba sai alamu biyu, 0 da 1. Ɗalibi zai koyi rubuta lambobi da su, inda 13 take zama 1101. Zai kuma karanta ilimin mantiki, wanda George Boole ya mayar da shi lissafi a littafinsa na 1854. A wannan tsari, kowace magana ko dai gaskiya ce ko ƙarya, babu na uku.

Darasi na biyu shi ne algoridim, wato jerin matakan warware matsala. Kalmar ta samo asali ne daga sunan al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Misali, a ce ana neman kalma a ƙamus mai shafi 1,000. Wanda ya fara daga shafin farko yana bi ɗaya bayan ɗaya zai iya buɗe shafi 1,000 kafin ya same ta. Wanda kuwa ya buɗe tsakiya, ya duba ko kalmar tana gaba ko baya, ya bar rabin da ba ta ciki, ya sake raba sauran biyu, ba zai wuce buɗawa 10 ba. Ko da shafukan sun kai miliyan ɗaya, buɗawa 20 ta isa. Irin wannan tunani ake so ɗalibi ya saba da shi, kuma sau da yawa da biro da takarda ake fara shi.

Bayan haka sai a koyi rubuta matakan cikin harshen da kwamfuta ke karɓa. Daga cikin waɗanda aka fi farawa da su akwai C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a 1972, da Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Kalmomin umarninsu na Ingilishi ne, amma ba su da yawa, kuma ɗalibi yakan haddace su cikin ƴan makwanni. Wahalar tana wajen nahawu. Mutum yakan gane maganar baƙo ko da ya karya ƙa'ida, amma kwamfuta ba ta yin wannan uzuri. A harshen C, mantuwa da alama ɗaya a ƙarshen layi ta isa ta hana shiri aiki gaba ɗaya. Saboda haka neman kuskure da gyara shi aiki ne na kullum, ga sabon shiga da gwani baki ɗaya, kuma ba alamar rashin iyawa ba ne.

Masu nazarin harshe ma suna da abin lura a nan. Kowane harafi yana da lambarsa a cikin kwamfuta. Tsarin ASCII na 1963 yana da gurbi 128 kacal, kuma babu ɓ, ɗ ko ƙ a ciki. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba su gurbi: lambar k 107 ce, ta ƙ kuwa 409. Shirin da bai san da wannan bambanci ba zai iya haɗa "kafa" da "ƙafa", ko ya ɓata harafin gaba ɗaya.

Ba sharaɗi ba ne ɗalibi ya iya tsara shiri kafin ya shiga jami'a, domin daga tushe ake farawa. Zai ga wasu a aji sun riga shi sani, amma wannan tazara takan ragu idan ya dage. Abin da ake bukata shi ne ya ƙarfafa lissafinsa, ya riƙa yin aikin gwaji da hannunsa a kai a kai maimakon kwafar na abokinsa, ya kuma yi tambaya da wuri. Darussan a jere suke, kowane yana kan na baya, kuma wanda ya bar giɓi a zangon farko zai same shi yana jiransa a na biyu.