Hurumin Namun Daji da Haƙƙin Makiyayi a Ƙasar Kamaru

Duk wanda ya saba zuwa karar Etoudi a Yawunde da sassafe, ya ga yadda dillalai da mahauta suke kewaya shanu suna taya farashi kafin a kora su mayankar SODEPA, sa'an nan da maraice ya ga naman nan ya isa unguwar Briqueterie ya zama tsire da kilishi, ba lalle ne ya tsaya ya tambayi kansa a wane daji bajimin nan ya ci rani ba, ko kuwa ta wane burtali ya bi kafin a ɗora shi a mota ko a jirgin ƙasan da yake tasowa daga Ngaundare. Alhali kuwa a cikin amsar wannan tambaya akwai wata jayayya mai tsawo tsakanin hukuma, wadda take keɓe dazuzzuka domin namun daji, da makiyaya, waɗanda kakanninsu suka shiga dazuzzukan nan tun ba a buga taswirarsu ba. Kuma tun da abincinmu da sana'ar da yawa daga cikin 'yan'uwanmu suna rataye da ita, bai kamata mu bar ta ga ma'aikatan gandun daji su kaɗai ba.

Asalin al'amarin a doka yake. Dokar ƙasa ta 1974 ta sanya duk filin da ba wanda ya mallake shi da takarda a ƙarƙashin kulawar gwamnati, kuma makiyayar da babu gini babu shuka a kanta ita ce ta fi kowane fili sauƙin a kira ta wofi. Dokar gandun daji ta 20 ga Janairu 1994 ta zo ta ƙudurta cewa dazuzzukan da aka keɓe dindindin su kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na faɗin ƙasar, tare da sharaɗin cewa mazauna wurin su ci gaba da moriyar da suka gada, in kuwa aka taƙaita ta to a biya su diyya. Amma a cikin babban gandu irin wanda ake kira na ƙasa, kiwo da farauta da saran itace duk haramun ne. A watan Yuli na 2024 an yi sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta 1994. Gandunan kuwa sun girme dokokin gandun dajin nan biyu: Faransawa ne suka fara keɓe Binuwai a 1932 da Waza a 1934, aka ɗaukaka su tare da Buba Njidda zuwa manyan ganduna a 1968, Faro ya bi baya a 1980. Idan aka haɗa Binuwai mai hekta 180,000, da Buba Njidda mai 220,000, da Faro mai 330,000, da yankunan farautar da suke kewaye da su, za a tarar fiye da kashi 40 cikin 100 na Lardin Arewa an hana makiyayi shiga da garkensa. A shekarar 2000 aka ƙara Mbam da Jerem, mai fiye da hekta 400,000 a kudancin Tibati, domin ya zama ramuwar ɓarnar da bututun mai na Cadi zuwa Kribi zai yi wa daji, wato aka biya bashin man fetur da ƙasar da waɗansu suke cin rani a cikinta.

Ba na daga cikin masu cewa keɓe daji zalunci ne tsantsa ko kuwa bidi'ar Nasara, domin abin da ya salwanta a idonmu ya isa hujja. Karkandan nan baƙi na yammacin Afirka, wanda ragowarsa ta ƙarshe a duniya take a arewacin Kamaru, an neme shi a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, aka tabbatar da ƙarewarsa a 2011, kuma babu wata dabara da za ta komo da shi. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da bindigogin yaƙi suka ƙetaro iyaka suka shiga Buba Njidda, suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni domin haurensu. Kuma gaskiya ce, ko da tana da ɗaci ga mai shanu, cewa garke idan ya yi yawa a cikin gandu yakan kori ɓauna da gwanki daga mashaya, cewa masu kiwo sukan sassare rassan kawo da maɗaci da madobiya har itacen ya mutu a tsaye, cewa wutar da ake cinna wa ciyawa a ƙarshen rani takan cinye abin da ba a nufa ba, kuma cewa wanda zaki ya kashe wa saniya yakan zuba guba a mushen, ta hallaka zakin da kura da ungulu baki ɗaya. Waɗannan halittun Allah ne, amana ce a hannunmu, kuma wanda ya musanta mafsadar nan bai taimaki makiyayi da kome ba.

Amma ƙafar saniya ba ita kaɗai ce take shiga daji ba, kuma a ganina ba ita ce ta sauya al'amura a 'yan shekarun nan ba. Abin da ya sauya su shi ne babur. A dā nisan daji shi ne katangarsa: mai neman zinariya ko gawayi ko naman daji yana tafiya ne gwargwadon ruwan da gorarsa za ta ɗauka da kayan da kansa zai iya, saboda haka tsakiyar gandu takan tsira ko da babu mai gadi. Yanzu kuwa babur mai araha yana bin turbar da mota ba ta iya bi, yana kai wa masu haƙar zinariya a bakin kogunan Binuwai da Faro abinci da man fetur, yana komowa da buhunan gawayi da ƙyafaffen nama, har tafiyar kwana uku ta zama ta yini guda.

Wannan matsala ta inji a cikin daji Amurkawa sun daɗe suna fama da ita, sai dai tasu a kan ƙanƙara take. Suna da wani irin babur mai sulɓi a kan dusar ƙanƙara, wanda masu yawon shaƙatawa suke shiga dazuzzukan gwamnati da shi lokacin hunturu, kuma garuruwa da dama da hayarsa suke ci. Dokarsu ta 1964 ta hana kowane irin inji shiga yankin da majalisa ta keɓe a matsayin dajin da ba a taɓawa, saboda haka duk sa'ad da aka kawo shawarar ƙara wani yanki sai rigima ta tashi tsakanin masu babura da masu kare daji. A gandun Yellowstone, wanda aka kafa tun 1872, hayaƙin baburan ya kai ga ana bai wa masu tsaron ƙofar yamma abin rufe hanci. A 2000 aka yanke shawarar hana su gaba ɗaya, gwamnatin da ta biyo baya ta soke, aka yi ta kai da komo a gaban alƙalai fiye da shekara goma, sai a 2013 aka tsaya a kan matsakaicin hukunci: adadi ƙayyadadde a kowace rana, injuna masu ƙarancin ƙara da hayaƙi, hanyoyi sanannu, da jagora a gaba. Bambancinmu da su babba ne, domin su nishaɗi suke karewa, namu kuwa abinci ne. Amma darasin da yake ciki shi ne cewa tsakanin a buɗe duka da a rufe duka akwai faffadan fili na sharuɗɗa, na lokaci da adadi da hanya.

Shari'armu ta riga su sanin wannan fili. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakan Musulmi, kuma fuƙaha'u sun kafa hujja da haka cewa shugaba yana da ikon yin hima, wato keɓe hurumi, saboda maslahar jama'a, ba domin amfanin kansa ko na mawadata ba, bisa sharaɗin kada ya ƙuntata wa mutane. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa yadda Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya naɗa 'yantaccen bawansa Hunayyu a kan hima, ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya hana dabbobin Ibnu Aufin da Ibnu Affana, domin su idan dukiyarsu ta hallaka suna da dabino da gonaki, talaka kuwa sai ya zo da 'ya'yansa ƙofar Halifa yana kuka. Wannan ma'auni, idan aka ɗora shi a kan yankunan farautar arewa, abin da yake bayyana ba mai daɗi ba ne: ana ba da hayarsu ga masu shirya farauta, yawancinsu baƙi, attajiri ya zo daga Turai ko Amurka ya biya kuɗi mai yawa ya harbi dabba da izini, alhali Bafillatanin da ya ratsa wurin da shanu talatin domin ya kai ga ruwa ana kama shi a ci shi tara. Na san wani kaso na kuɗin hayar ana mayar da shi ga ƙananan hukumomi da ƙauyukan kewaye, amma makiyayi mai tafiya ba ɗan ƙauyen ba ne a takarda, kuma ba safai rabon yake isa rugarsa ba. Haka nan na san garkunan da suka fi ɓarna sau da yawa na manyan mutane ne mazauna birni, waɗanda suke ɗaukar yara kiwo, kuma su ne suka fi iya fansar shanunsu idan an kama.

Makiyayin nan kuwa ba don raina doka yake kutsawa gandu ba. Gonakin auduga da masara sun cinye burtalai, ciyawar nan da ake kira Bokassa ta mamaye makiyayar Adamawa da Gabas, yaƙin Afirka ta Tsakiya tun 2013 ya koro dubban Mbororo da dabbobinsu, Boko Haram ta toshe hanyoyin tafkin Cadi, masu satar mutane don fansa sun tashi rugage da dama. Duk inda ya juya ƙasa ta ƙuntata, ga kuma ciyawa tsaye a bayan alamar gandu.

Saboda haka ne maganar Cabbal Mbabo ta cancanci mu sa mata ido. Wannan tsauni ne mai tsawon fiye da mita 2,000 a tsakanin Banyo da Tinyer, daura da iyakar Nijeriya, a gangarensa akwai kurmin tsauni mai tsuntsaye da kwaɗi da itatuwan da ba safai ake samunsu a wani wuri ba, a samansa kuwa akwai makiyaya mai sanyi wadda Fulani suka zauna a kanta tun zamanin kakanni. An daɗe ana shawarar mayar da shi babban gandu, masu shanu da shugabanninsu kuma sun nuna ƙin yarda, domin sun ga abin da ya sami waɗanda suka riga su. A ƙetaren iyaka, gandun Gashaka Gumti na Nijeriya, wanda aka kafa a 1991, ya bar waɗansu yankuna a kan tuddai inda aka yarda Fulani su zauna su yi kiwo a cikin gandun; tsarin yana da nasa matsaloli, amma ya nuna ana iya tsare kurmin gangare ba tare da an tashi mutanen tudu ba. A Waza ma, bayan madatsar Maga ta 1979 ta hana ambaliyar kogin Logon isa fadamun da shanu da namun daji suke rayuwa a kansu, da aka sake buɗe wa ruwan hanya a 1994 ciyawa ta komo, masunta da makiyaya da namun daji duka suka amfana.

Abin da nake roƙon hukuma shi ne, kafin a rufe kowane daji, a fara shata burtali da mashaya a kafa musu alamu a ƙasa, a rarrabe tsakanin mai ratsawa da ƙafa a lokaci sananne da mai shiga da babur ko zarto mai inji, a kuma rarrabe tsakanin ƙaramin garke da garken attajiri. Sanarwar keɓe daji, wadda ake liƙawa da Faransanci a ofisoshin hukuma da wa'adin kawo ƙorafi, a karanta ta da Fulatanci da Hausa a kasuwannin shanu da masallatan Juma'a da gidajen rediyo, kuma a sa ranar shawara a lokacin da garkuna suke gida, ba sa'ad da suka tafi cin rani ba. Kwamitocin sasanta manoma da makiyaya, waɗanda dokar 1978 ta kafa a kowace gunduma, a ba su abin aiki su zauna tare da lamiɓe da arɗo'en, wato shugabannin Fulani, da ma'aikatan gandun daji. Ƙungiyoyin dillalai da mahautan Yawunde kuwa, tun da ma'aikatar gandun daji da ta kiwon dabbobi duka a garinsu suke, su ne suka fi kowa damar kai wannan magana gaban masu rubuta ƙa'idojin zartar da dokar 2024, a madadin abokan cinikinsu da suke can bayan shanu.