Noman Wiwi A Cikin Ɗaki: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

A da, in aka ce gonar wiwi, hankali kan tafi can cikin dazuzzukan Ondo, Edo, Osun ko Delta, inda jami'an Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta NDLEA ke shiga su sare su cinna wuta. Yanzu wata hanyar ta ɓullo wadda ba ta buƙatar fili, ba ta jiran damina. Bokiti ne da ruwa, da taki mai narkewa, da fitila mai ƙarfi, da fanka, a cikin ɗaki ko sito. Matasanmu na Legas, Abuja, Ibadan da Fatakwal suna cin karo da bidiyon irin wannan noma a YouTube da TikTok, inda masu yi ke ta bayani kan ganyen da ya koma ruwan ɗorawa ko saiwar da ta ruɓe, kamar ana maganar tumatir.

Su damuwarsu lafiyar tsiron. Mu a wannan shafi damuwarmu lafiyar ɗan da ke kallo, da ta mutanen gidan da za a kafa bokitin a cikinsa.

Noma ba tare da ƙasa ba

Ita wannan hanya ba laifi ba ce. Turawa na kiranta "hydroponics", wato a rayar da tsiro a cikin ruwan da aka narkar da abincinsa a ciki. Akwai manoma a Nijeriya da ke noman latas, tumatir, tattasai da kokwamba ta haka, har da ciyawar dabbobi. Don haka in kun ga ɗanku da bututu da bokiti, kada ku yi saurin yanke hukunci. Ku duba abin da ya shuka.

Ganyen wiwi kamar tafin hannu yake, mai yatsu biyar zuwa tara, sirara masu tsini, bakinsu kamar haƙoran zarto, kowane yatsa a ware yake har gindinsa. Tsiro biyu da muka sani sukan rikita mutane. Rogo yana da yatsu, amma bakin ganyensa sumul yake. Rama kuwa ta yi kama da wiwi sosai, har sunanta na kimiyya ya samo asali daga wannan kamannin, sai dai yatsunta a haɗe suke daga ƙasa, kuma takan yi babban fure fari mai duhu a tsakiya. Wiwi in ya fara fure yana da wari mai ƙarfi da ke kama tufafi da labule.

Abin da bidiyon ba ya faɗa

Yawancin masu ɗora bidiyon nan a ƙasashen da doka ta ba su dama suke zaune. Uruguwai ta halatta wiwi a 2013. Kanada ta bi sahu a watan Oktoban 2018, inda dokar tarayya ta yarda da tushe huɗu a gida ɗaya. Jamus ta yarda wa baligi tushe uku daga Afrilun 2024. Wasu jihohin Amurka ma haka.

A Nijeriya ba haka abin yake ba. Tun 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga mai noman wiwi. A 1989 aka kafa NDLEA, kuma a ƙarƙashin dokarta hukuncin shuka irin waɗannan kayan maye yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Babu wani adadin tushe da aka yafe don "amfanin kai". Wanda gida ke hannunsa, in ya sani ya bari ana ajiye kayan ko sarrafa su a ciki, shi ma ya shiga laifi. Ga iyalin da ke zaman haya a Agege ko Sabo, wannan na nufin bokiti ɗaya a ɗakin samari zai iya jawo wa uba kotu, ya kuma raba iyali da muhalli.

Wiwin yau ya fi na jiya ƙarfi

Sau da yawa matasa kan ce ai ganye ne, kuma wane da wane sun sha sun tsufa lafiya. Ga inda lissafin ya ɓaci. Sinadarin da ke sa maye a wiwi sunansa THC, wanda masanin kimiyya Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka fara tace shi a 1964. Masu noman ɗaki suna zaɓen iri mai yawan THC, suna raba macen tsiron da namiji don kada ta yi 'ya'ya, ƙarfinta duka ya tafi ga fure. A Amurka, wiwin da jami'ai ke kamawa a 1995 yana ɗauke da THC kusan kashi 4 cikin ɗari. Zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12. Irin da ake shigo da shi nan ana kiransa "Loud" na wannan dangin ne.

Mu masu haɗa magunguna mun san cewa adadi shi ke raba magani da guba. Wanda ya sha farasitamol biyu da wanda ya sha ashirin ba ɗaya ba ne, ko da yake ƙwayar guda ce. Wani babban bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019, wanda aka gudanar a wurare 11 a Turai da Burazil, ya gano cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali. Masu shan mai ƙarfin kullum, wato wanda THC ɗinsa ya haura kashi 10, sun ninka kusan sau biyar. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara da ƙuruciya, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, da kuma wanda ake da ciwon taɓin hankali a danginsu.

Lamarin ba na 'yan tsiraru ba ne. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 a Nijeriya sun sha wiwi a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin uku daga cikinsu ya kai matakin da ba ya iya bari.

A bambanta kuma da abin da ake kira "Colorado" ko "Colos". Shi wannan sau da yawa sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji ne aka fesa wa busasshen ganye. Shi ne ke sa a ga yaro ya faɗi yana shure-shure a titi. Yana jawo farfaɗiya da lalacewar ƙoda, kuma gwajin fitsari na yau da kullum ba ya kama shi.

Haɗarin da ke kan sauran mutanen gida

Ko da ba wanda ya sha, irin wannan ɗaki yana da illa ga duk mai kwana a gidan. Fitilu da fankoki da famfon ruwa suna aiki sa'o'i masu yawa a jere, galibi a kan soket guda, ga ruwa a ƙasa. Gobara da jan wuta ba su da nisa da nan. In aka ɗauke wuta kuma sai janareta, kuma mai ɓoye abu yakan jawo janareta kusa da taga ko cikin baranda. Hayaƙinsa ba ya nuna alama kafin ya kashe mutane suna barci.

Sai danshi. Ɗakin da aka toshe tagoginsa ga ruwa ga zafi, fumfuna ke kama bangonsa, ƙurarta kuma tana tayar da asma, tana iya zama ciwon huhu mai tsanani ga mai raunin garkuwar jiki. Ruwan da ya kwanta gidan sauro ne. Takin ruwa da sinadarai masu ƙuna da ake zubawa a robar lemo kuwa, yaro ƙarami ba zai bambanta su da abin sha ba.

Haka nan wiwin da ake sakawa a kek, biskit ko zoɓo. Wanda aka ci ba ya fara aiki sai bayan minti 30 zuwa sa'a biyu, shi ya sa mutum kan ƙara yana zaton bai kama shi ba. In yaro ƙarami ya ci, za ku ga barci mai nauyi, jiki ya saki, tafiya da tangaɗi, wani lokaci numfashi ya ragu. Kada a ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci, a kuma faɗa wa likita gaskiya.

"Ai magani ne"

Gaskiya ne an samo magunguna daga wannan tsiro. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, wanda aka yi da wani sinadarin wiwi mai suna CBD da ba ya sa maye, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Amma wannan ruwan magani ne da aka tace, aka auna, likita ke rubutawa yana bibiyar hantar mai sha. Ganyen da aka tsinka a bokiti ba wanda ya san adadin abin da ke cikinsa, ko irin maganin ƙwarin da aka fesa masa.

Wiwi kuma yana karo da magunguna. Yana iya ƙara ƙarfin warfarin, maganin hana daskarewar jini, har mutum ya yi ta zubar jini. Hayaƙinsa, kamar na sigari, yana sa hanta ta yi saurin narkar da olanzapine da clozapine, maganin taɓin hankali ke nan ya rage aiki a lokacin da aka fi buƙatarsa. Haɗa shi da kodin, tiramadol ko diazepam yana ninka nauyin barci da haɗarin. Yana sa zuciya bugawa da sauri, abin da ba ya yi wa mai ciwon zuciya daɗi. Ga mai juna biyu, THC yana ratsa mabiyiya ya kai ga jariri, yana kuma fita a nono. An danganta shi da haihuwar jariri mara nauyi.

Akwai wata alama da iyaye kan ɗauka olsa ce ko taifod: amai mai tsanani da ke zuwa yana dawowa, wanda mai shi ba ya samun sauƙi sai ya yi wanka da ruwan zafi. Likitoci a Ostireliya ne suka fara bayyana shi a 2004 a tsakanin masu shan wiwi na dogon lokaci. Maganinsa ɗaya, a daina sha.

In kun gano a gidanku

Alamomin ɗakin ba su da wuyar ganewa: ƙofar da kullum a kulle take, taga da aka liƙe da baƙar leda ko kwali, haske mai ƙarfi fari ko shunayya da ke leƙowa ta ƙasan ƙofa cikin dare, ƙarar fanka ba tsayawa, katin mita na ƙarewa da wuri, ga wari.

Da farko a kashe wutar ɗakin, a buɗe taga, a nisantar da ƙananan yara. Kada a ƙona ganyen a tsakar gida, kada kuma a ɗauke shi a mota ana yawo da shi. A nemi shawarar lauya kan yadda za a rabu da kayan.

Sannan a zauna da yaron, a lokacin da yake cikin hayyacinsa kuma fushinku ya sauka. Ku tambaye shi yaushe ya fara, sau nawa yake sha, me yake haɗawa da shi, kuma akwai wanda ya ba shi kuɗin kayan? Amsar tambaya ta ƙarshe ita za ta nuna ko akwai masu fatauci a bayansa. Duka da kora daga gida ba sa cire wiwi daga jikin mutum, sukan miƙa shi ne ga waɗanda suka koya masa.

In ya daina, ku sa ran kwanaki masu wuya. Saurin fushi, rashin barci, rashin cin abinci da mafarkai masu firgitarwa sukan fara cikin kwana ɗaya zuwa uku, su tsananta a makon farko, su lafa bayan kamar mako biyu. Kada ku je kemis neman maganin barci ba tare da takardar likita ba, don kada a fita daga wani ramin a faɗa wani. Idan kuwa ya fara jin muryoyi, ko zargin ana binsa, ko maganar kashe kansa, wannan na gaggawa ne.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba da ke Legas, Aro da ke Abeokuta, Benin, Inugu, Kalaba, Barnawa da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. NDLEA ma tana da layin ba da shawara na kyauta, 0800 1020 3040. Ku guji gidajen da ake ɗaure mutane da mari da sunan gyaran tarbiyya. Abin da 'yan sanda suka tarar a irinsu a 2019, a Kaduna da Katsina da Ibadan, ya isa darasi.

Yaron da ya iya haɗa famfo da fitila ya rayar da tsiro a cikin ruwa, yana da basira da haƙurin da noma ke buƙata. Bayan an kula da lafiyarsa, ku kai shi wurin masu noman latas da tattasai ta wannan hanya ya koyi sana'ar a fili, inda zai sayar da amfaninsa a kasuwa ba tare da tsoron ƙwanƙwasa ƙofa ba. Allah Ya shirya mana zuri'a.